Ni da aminina muka kafa kamfani, yanzu ma'aikata sun rasa wa za su bi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da aminina muka kafa ƙaramin kamfani a Abuja, muna da manhajar da ake yin odar cefane, mu sayo a kasuwar Wuse ko Utako mu kai wa mutum har gida. Da baki muka yi cewa rabi da rabi ne. Ni na ajiye aikina na rungumi wannan, shi kuwa ma'aikacin gwamnati ne, sai da yamma ko ranar Asabar yake leƙowa, kuma in ya zo sai ya warware abin da na ƙulla. Kwanan nan na sa kuɗin kai kaya Kubwa naira dubu biyu, da dare ya shiga zaurenmu na WhatsApp ya ce a mayar dubu ɗaya da ɗari biyar. Ma'aikatanmu shida sun rikice, mai rubuta mana manhaja ma ya fara maganar tafiya. Ina jin nauyin yi masa magana. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ma'aikatanka ba su da laifi, kuma ban ga alamar abokinka mugu ne ba. Kun haɗa abubuwa biyu ne a tukunya ɗaya: mallakar kamfani da tafiyar da shi. Mutum zai iya mallakar rabin kamfani ba tare da yana da ikon sauya farashi da dare ba. Larry Page da Sergey Brin su suka kafa Google, amma a 2001 suka ɗauko Eric Schmidt suka ba shi shugabanci, hannun jarinsu yana nan bai je ko'ina ba. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, kuma a naku zamanin wanda yake wurin daga safe har dare shi ya kamata ya riƙe ragamar yau da kullum.

Akwai ma abin da zai sauƙaƙa maka buɗe maganar. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na biyar da ya tsara ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, ya hana ma'aikaci mai cikakken aiki shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Zai iya zuba jari ya ci riba, amma ba da umarni ga 'yan babur ɗinku shiga gudanarwa ne. Abuja cike take da masu yin haka, na sani, sai dai ranar da wani mai jin haushinsa a ofis ya rubuta takardar ƙorafi, saƙonnin nan na WhatsApp su ne shaida. Don haka janye hannunsa kare kansa ne.

Sai batun rabi da rabi, wanda a nan nake so ka tsaya sosai. Fara duba irin rajistar da kuka yi a hukumar CAC. In rajistar sunan kasuwanci ce kawai, to babu hannun jari da za a raba, kuma bashin kasuwancin yana iya bin ku har aljihunku. In kuwa cikakken kamfani ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ƙudurin yau da kullum yana buƙatar rinjaye, na musamman kuma kashi uku cikin huɗu. Mai hamsin ba shi da rinjaye a kan mai hamsin. Ranar da kuka saɓa, komai ya tsaya cik, kuma duk mai son zuba muku kuɗi wannan ne abin da zai fara hangowa. Ko shaidar da dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta tanadar, wadda ake nema ta hannun hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, tana son a ga kamfani mai rajista yadda ya kamata.

Abin da masu kafa irin waɗannan kamfanoni suka saba yi shi ne kowa ya riƙa mallakar kasonsa sannu a hankali cikin shekara huɗu. Wanda ya tafi kafin shekara ta cika bai samu komai ba. In ta cika ya mallaki kashi ɗaya cikin huɗu na rabonsa, sauran kuma yana shigo masa wata-wata. Wannan sharaɗi har da kai, kada ka kai masa shi kamar tarko. A ware kuɗin da kowa ya zuba daban, a ware gumi daban, kai da ka bar albashi a yanka maka wani abu ko da kaɗan ne, ko a rubuta shi bashi a kan kamfani. Facebook ma ta nan rikicinta na farko ya ɓullo: a 2004 Mark Zuckerberg ya koma Kalifoniya da aikin, Eduardo Saverin, wanda suka kafa kamfanin tare, bai bi shi ba, daga baya kason Saverin ya ragu ƙwarai, sai da aka je kotu kafin a sasanta. Su ma abokan makaranta ne.

Na san abin da ke cin ka. A wurinmu, ka ce wa amini "mu rubuta" kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. To ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai ake magana. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin tarayya a kasuwanci sun sharɗanta a san rabon riba tun farko. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kada ka yi masa maganar a ofis ko a waya. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka fara da abin da ya kawo wa kamfanin, sannan ka nuna masa saƙon Kubwa ka tambaye shi yadda ɗan babur zai yi da farashi biyu. Ku fitar da 'yan abubuwan da dole sai ku biyu kun amince, kamar cin bashi, shigo da sabon mai hannun jari, ko kashe kuɗin da ya wuce wani adadi. Sauran naka ne, shi kuma ya kawo shawararsa gare ka kai tsaye. In kun daidaita, lauya ya rubuta, ku sa hannu.

Amma kai ma da sauran aiki a gabanka. Ma'aikata shida ba sa buƙatar dogon tsari: zama ɗaya a farkon mako, kowane aiki da sunan mutum ɗaya a gabansa da ranar gamawa. Ka saurari mai zuwa kasuwa kafin ka yanke farashi, domin ya fi ka sanin yadda tumatir ya kwana. In albashi zai yi jinkiri, su ji daga bakinka tun kafin ƙarshen wata.

Mai rubuta manhajar nan kuwa, kada ka jira sai kun gama da abokinka. Masu wannan sana'a suna samun aiki daga waje ana biyan su da dala suna zaune a ɗakinsu, ba za ka iya gasar albashi da su ba. Ka zauna da shi wannan makon, ka tambaye shi abin da ya fi ɓata masa rai, ka faɗa masa daga yau wurin mutum ɗaya zai riƙa karɓar aiki. Ka kuma tabbatar lambobin sirri na manhajar da asusun da ake ajiye ta suna ƙarƙashin sunan kamfani, da takardar da ta ce abin da ya rubuta mallakar kamfani ne, ko zai zauna ko zai tafi.