Pu Songling, malamin da ya saka fatalwa a gaban alƙali

Tambaya: Malam, na ji an ce finafinan fatalwa na ƙasar Sin da dama daga littafin mutum ɗaya aka ɗebo su. Wane ne shi, kuma tatsuniya ce kawai ya rubuta?

Amsa: Pu Songling kike nufi, mutumin Zichuan a lardin Shandong, wanda aka haifa a 1640 ya rasu a 1715. A zamaninsa, jarrabawar gwamnati ce hanyar samun muƙami. Yana saurayi, a 1658, ya zo na ɗaya a matakin farko, kowa ya sa masa ran ɗaukaka. Daga nan ƙofa ta rufe. Ya yi ta zama jarrabawar lardi yana faɗuwa har furfura ta fito masa, ya shafe kusan shekara 30 yana koyar da 'ya'yan wani gidan masu hali, gidan Bi, don ya ciyar da iyalinsa.

Wannan takaicin ne ya cika littafinsa, Liaozhai Zhiyi, mai labarai kusan 500. A ciki za ki ga yanyawa ta rikiɗe ta zama mace, fatalwa ta auri ɗalibi, kuma sau da yawa sun fi alƙalai da masu duba jarrabawa amana. Dubi labarin gyare: fada na son wasan faɗan gyare, sai aka ɗora wa talakawa kawo shi dole. Wani bawan Allah ya sha bulala kafin ya samo guda, ɗansa ya kashe shi bisa kuskure, tsoro ya sa yaron ya faɗa rijiya, kurwarsa ta zama gyaren da ya ceci gidan. Ni ban iya kiran wannan tatsuniya kawai. Ƙara ce ya shigar kan zalunci.

Mawaƙi ne kuma. Bayan waƙoƙin salon malamai, ya tsara wasu da karin harshen garinsu don manoma su fahimta.

Bai ga littafin a buge ba. Da hannu aka riƙa kwafarsa har aka buga shi a 1766. Bayansa manyan marubuta irin su Yuan Mei da Ji Yun sun tara nasu labaran al'ajabi, ko da yake Ji Yun ya soki yadda yake ƙawata labari. Wani Baturen Ingila, Herbert Giles, ya fassara wani ɓangare zuwa Turanci a 1880. Fitaccen fim ɗin fatalwa na Hong Kong na 1987, A Chinese Ghost Story, kuwa daga labarinsa na Nie Xiaoqian aka ɗauko shi.