Tambaya da Amsa: In daina biyan kuɗin dish in koma kallo ta intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Zariya, da mata ɗaya da yara biyar. Na daɗe ina biyan kuɗin dish duk wata, yanzu abin ya fara yi mini nauyi. Babban ɗana ya matsa mini lamba mu koma Netflix da YouTube, wai sun fi araha. Ni ƙwallo da labarai nake kallo, uwargida fina-finan Hausa da na Indiya, yara kuma katun. Da gaske zan samu sauƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗanka ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ya auna kuɗin dish da kuɗin Netflix, ya manta da data, alhali a nan gizo ke saƙar.

Tauraron ɗan Adam sigina ɗaya yake watsowa, kamar ruwan sama, duk mai dish ya tara. Ko awa ɗaya ka kalla a wata, ko talabijin ta kwana a kunne, kuɗin bai canza ba. Intanet kuwa kamar mai ruwa ne ɗan garuwa: kowace jarka da kuɗinta. Duk wanda ya kunna fim, nasa ake aiko masa shi kaɗai, kuma kowane minti yana cin data. Idan uwargida na kallo a falo, yaro na kallo a waya, jarka biyu ke zuba.

Ga lissafin, da alƙaluman da Netflix ya bayar da kansa. Hoto matsakaici yana cin kamar 0.7GB a awa ɗaya, mai kyau irin HD yana kaiwa 3GB, mafi kyau duka, wato 4K, kuma har 7GB. A ce awa 4 kacal ake kallo a gidanka kullum, awa 120 ke nan a wata. A matsakaicin hoto 84GB, a HD 360GB. Gida mai yara biyar kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, ranar Asabar kaɗai sai a zarce awa 4 kafin azahar. Ka duba nawa ake sayar da wannan yawan data a layinka, ka haɗa da kuɗin Netflix na wata, sannan ka ajiye shi kusa da kuɗin dish. Ka tuna ita ma data ba a tsaye take ba: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100.

Wani zai ce maka akwai data marar iyaka ta rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida. Akwai, kuma ga gida irin naka ita kaɗai ce take da ma'ana. Sai dai ka karanta sharuɗɗan kafin ka biya, domin yawancinsu idan ka kai wani adadi sai a rage maka gudu, fim ya dinga tsayawa yana juya ƙawanya. HD na bukatar gudun da bai gaza 5Mbps ba, kuma ba da asuba za ka gwada sabis ɗin unguwarku ba. Gwada shi bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau.

Yanzu ga naka ɓangaren, ƙwallo, wanda shi ne ya fi hana mutane rabuwa da dish. Netflix ba ya nuna gasar Firimiya ta Ingila, YouTube ma sai gutsattsarin wasa bayan an tashi. A yankinmu SuperSport na kamfanin MultiChoice ne ke riƙe da babban haƙƙin nuna ta. Ana iya kallon SuperSport ta manhajar DStv Stream ba tare da dish ba, amma ka ga kuɗin wata na nan, ga data ta hau kai. An gudu ba a tsira ba. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan awa 2 ne. Sannan kallon kai tsaye ta intanet yakan makara da wasu daƙiƙoƙi, wani lokaci rabin minti ko fiye, sai ka ji gidan kallon bayan layi ya kaure da ihu kai kuwa ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba. Ni dai wannan kaɗai ya isa ya ɓata mini wasa.

Za a kawo maka tallar wasu akwatuna da manhajoji, a ce tashoshi dubu a kuɗi kaɗan. Na sata ne. Sukan ɗauke ana tsakiyar babban wasa, ranar da aka rufe su ba wanda za ka kama, wasu manhajojin ma kwasar bayanan waya suke yi. Ban ba ka shawararsu ba.

Uwargida ce za ta fi kowa cin riba. Fina-finan Kannywood masu dogon zango yanzu YouTube ne gidansu, ba kuɗin wata, data kawai. Netflix kuwa ba shi da abin Hausa na a zo a gani, fina-finan Indiyansa ma ba da fassarar Hausa suke ba. Ta iya sauke abin da take so a waya da datar dare mai araha, ta kalla da rana. Yara kuma a sa musu YouTube Kids. Kada a miƙa musu rimot a bar su da YouTube na manya, domin dish tashoshinsa ƙidayayyu ne ka san su, intanet ba shi da katanga.

Talabijin ɗinka ba sai ka canza ta ba. Muddin tana da ramin HDMI, ƙaramin akwatin Android ya wadatar. Rauta dai tana son wuta, ka tanadi ɗan batirin da zai riƙe ta idan NEPA ta ɗauke.

Da ni ne kai, ba zan sauke dish daga kan rufi ba. Zan koma ƙaramin tsari mai arha saboda labarai da katun, ko in sa mai gyara ya saita mini dish da risiba ta tashoshin kyauta irin su Arewa24, da ke watsa shirye-shiryen Hausa tun 2014. Manyan wasanni in je gidan kallo, ko in biya babban tsari a watannin da gasa ta yi zafi kawai, tunda kuɗin gaba ake biya, wata ya ƙare ba ka sabunta ba babu mai bin ka bashi.

Kafin ka yanke hukunci, ka ba ɗanka wata ɗaya. Kada a biya dish, a yi kallo ta intanet zalla, a sa hoton a matsakaici, shi kuma ya riƙa rubuta duk datar da aka saya a takarda. Ranar 30 ga wata ku zauna tare ku haɗa lissafi, takardar tana hannunsa.