Yanke Wa Mai Takaba Famfo Saboda Bashin Ruwa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina yi wa wani mai rijiyar burtsatse aiki a Kurna, cikin Kano. Ya ja famfo zuwa gidaje, ni nake bi ina karɓar kuɗin wata. Wata baiwar Allah mai takaba, da marayu a gabanta, bashi ya taru mata. Maigida ya ce in yanke mata bututu, kuma duk watan da ya wuce a ɗora mata tara. Abokina kuwa cewa ya yi sayar da ruwa ma haramun ne. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, tarar nan riba ce. Kada alƙalaminka ya taɓa ta, domin marubucinta ma yana cikin waɗanda aka la'anta.

Maganar abokinka kuwa ta yaɗu a gari. Hujjarsu hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, da hanin sayar da rarar ruwa. Malamai sun ɗora waɗannan a kan ruwan da ba mallakar kowa ba, irin na kogi da rijiyoyin makiyaya a daji. Wanda ya haƙa a filinsa, ya sayi inji da tanki, yana zuba mai kullum, malaman Malikiyya sun ce ruwan nasa ne, ya sayar ko ya hana. Sayyidina Usman da kuɗi ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita wakafi. Da mallakar rijiya ɓatacciya ce, me ya saya? Kuma da maganar ta tabbata, da duk ɗan garuwan da ke tura kura a unguwannin da ruwan famfon gwamnati na Challawa da Tamburawa bai kai ba haram yake ci.

Sai dai malaman nan sun togace wanda ake tsoron ƙishirwa ta halaka shi kuma ba shi da kuɗi: wannan dole a ba shi.

Yanzu buɗe littafinka. Yaushe bashin ya fara? Abin da ya taru mijin yana raye ba nata ba ne, yana kan dukiyar da ya bari, a fitar kafin rabon gado. Watannin da inji ya lalace famfo ya bushe, a goge su. Abin da ya rage, in ba ta da hali, jinkirta mata wajibi ne, yafewa ta fi lada. In akwai rijiya ko famfon masallaci kusa, dakatar da ruwan bai haramta ba, amma ban so maka shi ba. In babu, kada ka yanke, ko da maigida zai ɓata rai.

Kada ka tsaya a ƙofar gida kana ɗaga murya maƙwabta na leƙowa. Aika ta hannun ƙanin mamacin ko mai unguwa, kai kada ka wuce zaure. Ka ba maigidanka shawarar ya ware gidajen marayu da tsofaffi ya rage musu kuɗi, sannan a kai sunanta Hukumar Zakka da Hubusi. In ya ce zai lissafa bashin cikin zakkarsa, gaya masa zakkar ba ta fita ba. Wallahu a'alam.