Yadda Kwamfuta Ke Bin Sawun Taurari Tagwaye Har Ranar Fashewarsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Na karanta cewa masana suna amfani da kwamfuta su gano yadda taurari biyu masu kewaya juna ke rayuwa, har su faɗi wanda zai fashe a cikinsu. Ɗalibaina sun ce tunda tauraro miliyoyin shekaru yake yi, kuma babu wanda ya taɓa ganin farkonsa da ƙarshensa, wannan ai shaci-faɗi ne. Me zan ce musu? Kuma me ya sa sai taurari biyu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe mini da ɗaliban nan, domin tambayar da ta kamata suka yi.

Kwamfuta ba duba take yi ba, lissafi take yi. Abin da ake ba ta dokoki ne da aka gwada a nan duniya: yadda nauyi ke jan abu zuwa tsakiya, yadda iska mai zafi ke tunkuɗowa waje, yawan zafin da ke fita idan haidirojin ya rikiɗe ya koma hiliyom, da yadda zafin ke ratsa jikin tauraro har ya fito a matsayin haske. Sai a yanka tauraron a lissafe kamar albasa, ɓawo bisa ɓawo, wajen dubu ko fiye. Kwamfuta ta daidaita dokokin a kowane ɓawo, ta matsar da agogo gaba kaɗan, ta rage man da aka ƙona, ta sake daidaitawa. Haka za ta yi ta yi sau dubbai. Lokacin da tauraron yake zaune lafiya, taku ɗaya na iya zama shekara miliyan da yawa. Dab da mutuwarsa kuwa takun yakan koma daƙiƙoƙi. Louis Henyey na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa ne suka kafa wannan dabara a 1964, kuma har gobe a kanta ake tafiya. Manhajar MESA da Bill Paxton ya jagoranci fitarwa a 2011 kyauta ce, kowa na iya saukewa, tana kuma aiki a kan kwamfutar tafi-da-gidanka.

To, ina hujja? Hujjar tana sama. Idan ka ba manhajar tauraro mai nauyin rana, dole ne bayan shekara biliyan 4.6 ta fito maka da girma da hasken da muke aunawa yau. Sannan sama cike take da taurari jarirai, matasa da tsofaffi, duk a lokaci guda. Lissafin da ya ce akwai wani mataki a rayuwar tauraro amma aka duba sama aka rasa shi, a kwandon shara yake ƙarewa.

Yanzu ga batun biyu, wanda shi ne zuciyar maganar. Dokar tauraro tilo mai sauƙi ce: mai nauyi shi ke riga tsufa. Rana za ta yi kusan shekara biliyan 10, amma tauraron da ya ninka ta sau 20 bai fi shekara miliyan 10 a gabansa ba, saboda yadda yake babbaka mansa. Sai ga tauraron Algol, wanda sunansa daga Larabci ne, Ra'asul Ghul, ya zo ya karya dokar. Taurari biyu ne a kusa da juna ƙwarai. Ɗaya ya ninka rana fiye da sau uku amma yana kan ganiyarsa, ɗayan bai ma kai nauyin rana ba amma ya tsufa ya kumbura. Tare aka haife su, to yaya aka yi ƙaramin ya riga babban tsufa? A 1955 John Crawford ya kawo amsar: wanda muke gani ƙarami yau shi ne babban a da. Da ya tsufa ya kumbura, sai jikinsa ya tsallake iyakar da ƙarfin jansa ke iya riƙewa, ya riƙa kwarara kan ɗan'uwansa kamar tulun da ya cika ya tumbatsa. Ana kiran iyakar da sunan Edouard Roche, masanin lissafi ɗan Faransa.

An daɗe ana ɗaukar irin wannan a matsayin abin da ba kasafai ba. Binciken da Hugues Sana ya jagoranta a 2012 ya nuna akasin haka: fiye da kashi 70 cikin 100 na manyan taurari za su yi musayar jiki da abokan zamansu, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗannan za su haɗe su zama guda. Ke nan duk wanda ya lissafa mutuwar manyan taurari kamar kowanne shi kaɗai yake, ya bar mafi yawansu a baya.

Fashewar da ake kira supanoba iri biyu ce a asali. Ta farko ta babban tauraro ce, wanda ya ninka rana sau takwas ko fiye. Yana ƙona mai ɗaya bayan ɗaya har cikinsa ya zama ƙarfe, ƙarfe kuwa ba mai ba ne da zai ƙone ya ba da zafi, sai cikin ya rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, sauran jikin ya tarwatse.

A nan ne kwamfuta ta taɓa shan kaye, kuma ina so ka ba ɗalibanka wannan labari dalla-dalla. Ranar 23 ga Fabrairu, 1987, hasken wata fashewa ya iso mana daga Babban Gajimaren Majalan, wani dandazon taurari maƙwabcin namu, nisan da haske ke ɗaukar kusan shekara 168,000 kafin ya ratsa. Lissafin wancan zamani ya ce jan tauraro ne mai kumburarren jiki ke yin irin wannan fashewa. Da aka koma tsofaffin hotuna, sai aka tarar shuɗi ne, jikinsa a tsuke. Bayan haka madubin hangen nesa na Hubble ya nuna zobba uku na iska kewaye da wurin, waɗanda tauraron ya zubar kusan shekara 20,000 kafin ya mutu. Da wuya a bayyana yadda tauraro tilo zai yi zobba irin waɗannan. Philipp Podsiadlowski na Jami'ar Oksfod ya daɗe yana cewa taurari biyu ne suka haɗe, kuma a 2007 shi da Thomas Morris suka sa kwamfuta ta kwaikwayi haɗewar, sai ga zobba uku sun fito a lissafin. Ni a ganina wannan bayani ya fi sauran ƙarfi, domin da dalili guda ya warware shuɗin launin da zobban gaba ɗaya. Ita ma fashewar 1993 a dandazon taurari na M81 ta ƙara nauyin hujja: tauraron ya mutu da ɗan haidirojin kaɗan a jikinsa, lissafi ya ce abokin zama ne ya kwashe sauran, kuma bayan kusan shekara goma, da hasken ya lafa, aka hango abokin a wurin.

Iri na biyu kuwa ba ya faruwa sam sai da abokin zama. Tauraro kamar rana idan ya mutu yakan bar gawa mai girman duniyarmu amma mai nauyin wajen rabin rana ko fiye, wadda ake kira farin wada. Tauraron Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi yana da irin wannan abokin, suna kewaya juna duk shekara 50. Subrahmanyan Chandrasekhar, ɗan Indiya, ya lissafa tun yana saurayi a 1930 cewa farin wada yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka, kusan ninki 1.4 na rana. Idan yana zuƙar jikin maƙwabcinsa har ya kusanci iyakar, kabon ɗin cikinsa ya kama da wuta, ya tarwatse baki ɗaya. Da irin wannan fashewa aka auna nisan da ya nuna a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi.

Sai dai wane ne maƙwabcin? A 1973 masana Whelan da Iben suka ce tauraro ne mai rai. A 1984 Iben da Tutukov, da kuma Webbink, suka ce fararen wadanni biyu ne ke haɗuwa. Kowane lissafi yana da alamarsa: idan mai rai ne, zai tsira a gan shi. An bincike wurin fashewar shekarar 1006, wadda Ali bin Ridwan ya gani da idonsa a Masar ya rubuta, ba a sami babban tauraro da ya tsira ba. Haka hotunan da aka ɗauka kafin fashewar 2011 a dandazon taurari na M101 ba su nuna wani jan tauraro babba ba. Wannan ya karkata ma'auni zuwa ga wadanni biyu, ko da yake muhawarar ba ta rufe ba, kuma mai yiwuwa ne hanyoyin biyu duka suna aiki.

Inda lissafin ya fi rauni shi ne lokacin da babban ya kumbura har ya haɗiye ƙaramin, su biyun suka koma juyawa cikin bargo ɗaya na iska, abin da Bohdan Paczynski ya bayyana a 1976. Cikin 'yan watanni ko shekaru ake gama shi, kuma ba ya lissaftuwa da dabarar albasa, sai manyan kwamfutoci masu bin iskar ta kowace fuska. Masu kwaikwayon miliyoyin tagwaye a lokaci guda sukan cike gurbin da wani adadi da suke daidaitawa da hannu. Idan ɗalibanka suna neman wurin da zarginsu ke da ƙamshin gaskiya, to nan ne, kuma masanan da kansu suna faɗar haka a fili.

Shawarata, Malam, ka fitar da su su ga Algol da idonsu. A watan Disamba, wajen ƙarfe tara zuwa goma na dare, yana can sama ta ɓangaren arewa, in hazo bai yi yawa ba. Duk bayan kwana biyu da awa 21, tsohon yakan gifta ta gaban saurayin, hasken ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya dawo cikin awa goma. Manhajar Stellarium za ta nuna muku inda yake. Su kwatanta shi da taurarin da ke kusa dare bayan dare, su rubuta abin da suka gani a littafi.