Hukuncin Taɓa Mitar Motar Lantarki Don Rage Kuɗin Hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haya da motata a ƙasar da nake zaune, kuma ba ƙasar Musulmi ba ce. Na sayar da motar fetur na sayi ta lantarki da bashin banki, saboda a lokacin gwamnati ba ta karɓar komai daga masu irinta. Yanzu sun kawo doka, kowa zai biya kuɗin hanya gwargwadon kilomitar da ya yi, kuma mitar mota suke dubawa. Wani abokina ya ce wannan maksi ne, duk harajin da ba zakka ba zalunci ne, don haka in kuɓutar da kuɗina ta kowace hanya. Akwai mai haɗa wata na'ura da ke sa mita ta riƙa ƙirga rabin tafiya. Dama niyyata in sayar da motar nan da shekara biyu. Ya halatta in sa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bai halatta ba, ɗan'uwa. Kada ka sa, in kuma ka riga ka sa to ka cire.

Kai harajin ka ɗauka shi ne zuciyar tambayarka, ni kuwa abin da ya tsayar da ni shi ne maganarka ta ƙarshe, cewa za ka sayar da motar. Mita ba don gwamnati kaɗai take ƙirga ba. Wanda zai sayi motar lantarki ta hannu, babban abin da ke ransa shi ne lafiyar batir, don shi ne mafi tsada a jikinta, kuma da mita yake fara auna wahalar da ya sha. Kamfanoni da yawa garantin da suke bayarwa a kan batir shekara 8 ne ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Motar haya kuwa tafiyarta ba kaɗan ba ce. Idan ta yi 200,000 mita na nuna 100,000, mai saye zai biya kuɗin motar da ba ita ka ba shi ba, yana zaton yana da sauran garanti alhali ya ƙare. Idan batirin ya lalace ka kai wa kamfani suka canza maka a kan lambar ƙarya, ka ci nasu su ma. Wannan algus ne, haramcinsa ba mai jayayya a kai, ko mai sayen Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ko da abokinka ya yi gaskiya a duk abin da ya faɗa game da haraji, me wannan bawan Allah ya yi maka? Bai kafa doka ba, bai karɓi kuɗinka ba.

Da wannan kaɗai na'urar ta haramta. Amma na san in na tsaya nan, gobe za ka nemi wata dabarar da ba ta taɓa mita, don haka bari mu zauna da maganar abokin naka.

Maksi haramun ne, kuma babban zunubi. Ya ishe ka cewa a hadisin Muslim, da Annabi (SAW) zai nuna girman tubar Gamidiyya, matar da ta yi zina ta kai kanta a tsayar mata da haddi, cewa ya yi da mai karɓar maksi zai yi irinta da an gafarta masa. Sai dai mene ne maksin? Shi ne a tare ɗan kasuwa ko matafiyi a karɓe wani abu daga dukiyarsa ba da hakki ba, ba don wani amfani da zai koma wa jama'a ba. Daga nan zuwa cewa duk abin da hukuma ta karɓa bayan zakka maksi ne, akwai tazara mai nisa, kuma manyan malaman mazhabobi ba su bi ta nan ba. Hadisin da ake yawan kafa hujja da shi, cewa babu wani hakki a dukiya sai zakka, mai rauni ne. Ayar 177 ta Suratul Baƙara ta ambaci bayar da dukiya daban, ta ambaci zakka daban, kuma a tafsirinta Alƙurɗubi ya naƙalto ittifaƙin malamai cewa idan wata buƙata ta sauko wa Musulmi bayan an fitar da zakka, wajibi ne a kashe dukiya a kanta. Algazali da Shaɗibi duka sun halatta wa shugaba adali ya ɗora wa mawadata abin da zai toshe buƙata idan baitulmali ya gaza. Hanafawa ma sun kawo mas'alar da ta fi kama da taka: babban kogin da jama'a ke amfana da shi, idan yana buƙatar yasa, daga baitulmali ake yi, idan babu kuɗi a ciki shugaba ya tilasta wa mutane, don barinsa cutarwa ce ga kowa. Zakka kuma tana da gurabe takwas da Allah Ya ƙayyade, kuma a wajen mafi yawan malamai ba a gina hanya ko gada da ita. To in ba zakka, ba kuma wani kuɗi, da me za a zuba kwalta?

Abokinka zai iya cewa waɗannan malamai shugaban Musulmi adali suke nufi, da baitulmalin da ya ƙare, ba gwamnatin da kake ƙarƙashinta ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban jingina hukuncin a kansu kaɗai ba. Na kawo su ne don rushe ƙa'idar da ya kafa. Abin da ake nema a wajenka ya fi kusa da ladan amfani: ka bi hanya, ka biya gwargwadon bin da ka yi. Ka kuma shiga ƙasar da amana, ka karɓi lasisin haya da sharuɗɗansa, ka sa hannu. Cika alkawari ga wanda ba Musulmi ba wajibi ne kamar ga Musulmi.

Akwai abin da nake so ka lura da shi. Lokacin da kake da motar fetur kana biyan wannan kuɗi, ba ka dai gani ne saboda a cikin farashin mai yake. A Amurka gwamnatin tarayya tana karɓar santi 18.4 a kan kowane galan na fetur, adadin da bai canza ba tun 1993, yana shiga asusun manyan hanyoyi da aka kafa a 1956. Tun 2008 asusun ba ya iya ɗaukar kansa sai majalisa ta cike shi daga sauran kuɗin gwamnati, saboda tsadar aiki ta ƙaru, motoci kuma sun rage shan mai. Motar lantarki ta zo ta ƙara faɗaɗa giɓin, don tana bin hanya ba ta sayen lita ko ɗaya. Shi ya sa jihar Oregon ta fara tsarin biya da mil a 2015, Aisland ta fara karɓar kuɗin kilomita daga motocin lantarki a farkon 2024, Niyu Zilan ta janye musu rangwame daga 1 ga Afrilu 2024, Birtaniya kuma ta sa su cikin harajin mota na shekara daga Afrilu 2025. Ba kai aka ware don a zalunta ba. Mai tsara hanya yana lissafin gyaran gada da kwalta na shekaru masu zuwa ne a kan kuɗin da yake sa ran zai shigo, in kuɗin ya yi ƙasa sai a ɗage gyara, hanyar da za a yi wa faci kuma ta koma sai an sake ta daga tushe.

Wa ke ɗaukar nauyin idan kai ka zame? Mafi yawa mai tsohuwar motar fetur ne, wanda bai da halin sayen irin taka. Ibn Taimiyya ya yi magana a kan kuɗin da ake ɗora wa jama'a a dunƙule, ya ce ko da zalunci ne asalinsa, bai halatta mutum ya zame ba idan kasonsa zai faɗa kan abokan tarayyarsa. Naka ba dunƙulallen adadi ba ne da ake rabawa, amma ma'anar tana nan: abin da ka ɓoye, ko a ƙara wa wasu, ko a bar ramin da zai kashe wani. In kuma ka riga ka ƙara kuɗin haya kana ce wa fasinja saboda sabon haraji ne, to ka karɓa da sunan abu ka riƙe rabinsa, wannan kuwa cin dukiyar mutane ne da ɓarna ko a ra'ayin abokinka.

Ban ce kowace doka ta wannan fanni adalci ce ba. Inda ake yanka wa kowa kuɗi ɗaya a shekara, mai fita sau ɗaya a mako da mai kwana a hanya su biya daidai, akwai abin dubawa. Haka inda ake matsa wa ƙananan motoci da hujjar nauyin batir, alhali gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna ɓarnar kwalta tana ninkuwa sosai da nauyin da ke kan kowane ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, har tirela ɗaya mai lodi ta fi dubban ƙananan motoci lahani. Wanda ya ga an zalunce shi yana da ƙofa ta halal. A Ostireliya masu motar lantarki biyu ne suka kai jihar Victoria babbar kotu, a 2023 ta soke harajin kilomitar da jihar ta sa. Ku haɗu da 'yan'uwanka direbobi ku kai kuka, ku nemi rangwame ga masu haya. Duk sauƙin da doka ta ba ka ka karɓa ba tare da wani ƙaiƙayi ba, kamar cire wannan kuɗi daga ribar da ake yi maka haraji a kanta idan tsarin ƙasar ya yarda. Idan an ba ka zaɓi tsakanin karanta mita da na'urar da ke bibiyar duk inda ka je, kana da damar zaɓar mita don tsare sirrinka da na fasinjojinka.

Na ji zafin da ke cikin maganarka, ka yi lissafi a kan rangwame aka janye shi kana tsakiyar biyan bashi. Sai dai rangwame kyauta ce ta wani lokaci, janye ta ba ƙwace ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne bashin da ka ambata a gurguje. Idan da ruwa ne, to shi ya fi cancantar tambaya fiye da harajin, kuma ina zaton shi ne ke matse ka har na'urar ta yi maka kyau. Ka tuba, ka yi ƙoƙarin biyansa da wuri, ka tambayi bankin ko biyan gaggawa zai rage ruwan, kada kuma ka sake shiga irinsa. Kada ka ƙara awannin tuƙi har barci ya riƙa fizgarka don cike giɓi, rayukan mutane ne a bayanka. Abokinka kuma ka gaya masa da taushi ya daina ba da fatawa da rabin mas'ala, don duk wanda ya sa na'urar nan da maganarsa yana da kaso a zunubin.

Idan ka taɓa amfani da ita ko na ɗan lokaci ne, ka kintata kilomitar da aka ɓoye ka biya kuɗinta, sannan ranar sayarwa ka faɗa wa mai saye ainihin tafiyar motar kafin a yi ciniki, ko da farashin zai sauka.

Wallahu a'alam.