Hukuncin Raɗa wa Yarinya Suna Minal

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. An yi mini haihuwar 'ya mace, mai ɗakina tana son a sa mata Minal, ta ce sunan yana cikin Alƙur'ani. Mene ne ma'anarsa, kuma ya halatta?

Amsa: Allah ya raya ta bisa Sunna. Minal ba suna ba ne a Larabci, haɗin "min" ne da "al", wato "daga" da harafin da ke shiga gaban suna, kuma ba ya ba da ma'ana sai an kawo kalmar da ke biye da shi. Gaskiya ne lafazin ya zo a Alƙur'ani, kamar "minal jinnati wan nas" a ƙarshen Suratun Nas, amma yadda ya zo a "minal mu'uminina" haka ya zo a "minal kafirina". Zuwan lafazi a Alƙur'ani kaɗai ba hujja ba ne, domin Fir'auna da Hamana ma an ambace su. Inda aka san shi a matsayin sunan mata shi ne Indiya da Pakistan.

Duk da haka ba zan ce haramun ne ba, domin asalin sunaye halacci ne, kuma ba sharaɗi ba ne su zama na Larabci. Kakanninmu sun kira Delu da Kande da Talatu, malamai ba su hana ba. Abin da shari'a ta ƙi shi ne sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, ko mai mummunar ma'ana, ko mai yabon kai. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sauya wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya, mai harafin aini, wato mai saɓo, zuwa Jamila, kuma wannan daban yake da Asiya matar Fir'auna. Haka ya mayar da Barra, wato mai nagarta, ta zama Zainab, saboda yabon kai da ke cikin sunan.

Abin da ke damuna shi ne yarinyar za ta girma ta tambayi ma'anar sunanta a rasa amsa, alhali kyautata suna haƙƙinta ne a kanka. Idan amon sunan ne ya burge mahaifiyarta, akwai Manal, sunan Larabci mai nufin abin da aka samu. Idan kuma ka yanka rago ran suna da sunan mahaifiyarka, aka riƙa kiran yarinyar Minal don alkunya, babu laifi. In kun saɓa da mai ɗakinka, zaɓi naka ne, amma ka rarrashe ta da kyakkyawar magana, tana cikin jego.

Allah ne mafi sani.