Tsutsar ciki da tsutsar hanta a jikin dabba ɗaya, zai yiwu?

Wani mai kiwo daga wajen Rigachikun ya tambaya: "Malam, tumakina sai ramewa suke tun ƙarshen damina, na yi musu allurar ivermectin sun ɗan murmure sai suka koma gidan jiya. Da muka yanka ɗaya mahauci ya ce hantar ta lalace. Wai dama dabba ɗaya tana haɗa ciwo biyu haka?"

Eh ɗan uwa, tana haɗawa sosai ma, domin kowace cuta da mazauninta da hanyar da take shiga. Tsutsar cikin da ta fi cutar da tumaki da awaki siririya ce kamar zare, tana maƙale a ɓangaren cikin da ke dab da hanji tana shan jini, ƙwanta yana fita a kashi ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, dabba ta ci, cikin wajen sati 3 ta girma ta fara zuba nata ƙwan, shi ya sa damina ce lokacinta. Ita kuwa ta hanta faffaɗa ce, tana zaune a hanyoyin da ke kai ruwan ɗaci matsarmama, kuma ba ta yaɗuwa sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan da ke kwance. Toh ka duba yadda muke kiwo, da damina suna cin ciyawar bakin gona, da ciyawa ta bushe sai yara su kora su fadama ko bakin kogin Kaduna inda ake samun ɗanya, ka ga sun kwaso ta farko can sun zo sun ƙara da ta biyu nan.

Abin da ke rikita mutane shi ne alamarsu kusan ɗaya ce. Ka ja fatar idon tunkiya ƙasa ka duba, maimakon ja sai ka ga ta yi fari fat, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, gashi ya tashi, in ana tafiya ita ce a baya. Ido kaɗai ba zai raba maka su ba.

Ivermectin zalla ba ya taɓa tsutsar hanta ko kaɗan, wannan shi ne dalilin da suka murmure suka koma, ka rage musu ɗaya ka bar ɗayar tana ci. Kuma wallahi abin yana damuna yadda ake ta maimaita allura ɗaya kan dabba har ta mutu, kuɗi ya tafi dabba ta tafi.

Ka ɗebi sabon kashinsu da safe a leda ka kai wa likitan dabbobi, in kana iya zuwa Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Ka ce a duba maka duka biyun, don ƙwan tsutsar hanta yana da nauyi, gwajinsa daban ne, kuma sai ta yi wajen wata 3 zuwa 4 a jiki kafin ƙwan ya fara fitowa. Batun magani, triclabendazole yana kashe ta hanta manya da ƙanana amma ba ruwansa da ta ciki. Albendazole yana kama ta ciki da manyan na hanta in an ba da daidai gwargwado, sai dai kar a ba tunkiyar da ke watan farko na ciki. Akwai kuma ivermectin da aka haɗa da clorsulon, wani maganin tsutsar hanta. Likita zai zaɓa bisa nauyin dabbar, kar a yi kirdado. Ka tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka ko shan nono. Sannan ka janye su daga fadamar, ka ɗebo musu ruwan rijiya, a ƙara harawa da dusa jini ya dawo.

Wata baiwar Allah daga Kujama kuma ta ce 'ya'yan awakinta suna baƙin zawo, ta ba su maganin tsutsa bai tsaya ba.

Hajiya, ƙananan sukan haɗa tsutsa da koksidiya, irin cutar nan da masu kaji suka sani, maganin tsutsa ba ya kashe ta, nata daban ne irin su amprolium ko na sulfa. A kai kashin a gwada, kafin nan a ba su ruwan gishiri da sukari, a share turken ya bushe, a ɗaga kwanon abinci daga ƙasa kar kashi ya riƙa faɗawa ciki. In kuma zawon ya zo da majina da gyambo a baki da zazzaɓi, a ware su yau ɗin nan a kira likita, yana iya zama PPR, wato annobar awaki da tumaki, tana kwashe garke cikin kwanaki.